Ayu

Ayu dabbar ruwa ce mai shayarwa da ke zaune a koguna da gaɓar tekun Afirka, daga Senegal har Angola. A kimiyyance ana kiran sa Trichechus senegalensis. Ana samun sa a Kogin Neja, wanda ya ratsa ƙaramar hukumar Bagudo kafin ya gangara Yawuri da tafkin Kainji.

Ayu ba kifi ba ne. Giwa ma ta fi kusa da shi a dangantaka. Da huhu yake numfashi, sai ya leƙo da hancinsa kawai, ya shaƙi iska, ya nutse. Babba kan kai mita 3. Fatarsa ruwan toka ce, wutsiyarsa mai faɗi kamar faifai. Ba ya jure sanyi, shi ya sa ba a ganin sa sai a ruwa mai ɗumi.

Ciyawar ruwa, irin su burgu, ita ce yawancin abincinsa. Haƙoransa na tauna kan cinye saboda yashi, sababbi su riƙa fitowa daga baya suna turo tsofaffin gaba.

Macen kan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi da nonon da ke hammatarta. Wannan jinkirin haihuwa ne ya sa farauta ke yi masa illa sosai, ga shi man ayu na da kasuwa wurin masu maganin gargajiya. A 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin ayu tsakanin ƙasashe.