Boubakar Ba, malamin lissafin da ya kafa Jami'ar Yamai

Wanda ya haye gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai zuwa Harobanda, sunan Abdou Moumouni zai gani a ƙofar jami'a. Sunan ya dace da wurin, babu gardama. Sai dai ba Abdou Moumouni ya aza harsashin ba. Wanda ya yi wannan aiki wani malamin lissafi ne, Farfesa Boubakar Ba, kuma ɗalibai da yawa suna kammala karatu a nan ba su san labarinsa ba.

An haife shi a 1935 a Diapaga, cikin ƙasar Gurma. Yau garin yana Burkina Faso, amma a lokacin Turawan Faransa sun rushe Haute-Volta, wato sunan ƙasar a da, tun 1932, sun haɗe yankin Fada N'Gourma, inda Diapaga take, da Nijar, ba su mayar ba sai 1947. Saboda haka a ƙarƙashin mulkin Yamai ya zo duniya.

Karatu ya kai shi Dakar, daga nan Faransa. A 1956 ya ci jarrabawar shiga École Normale Supérieure da ke titin Ulm a Paris, makarantar da ƴaƴan Faransawa kansu ke shan wuya kafin su samu gurbi, wadda kuma ta yaye yawancin manyan masana lissafin Faransa. Shi ne na farko daga Afirka kudu da Sahara da ya shiga ta. A tuna fa, Nijar ba ta ma samu ƴancin kai ba tukuna, kuma yaran da suka taɓa zama a benci a lakwal ƴan ƙalilan ne. Ya zurfafa a reshen lissafin da ke auna siffofi masu lanƙwasa, irin wanda Einstein ya dogara da shi wajen bayanin ƙarfin da ke jan abubuwa, ya kuma kammala babban digirinsa a tsakiyar shekarun 1960.

Mai irin wannan takarda yana iya zamansa a Turai har tsufa, a ɗaki mai allo da littattafai. Shi kuwa ya koyar a Madagaska, sannan ya dawo gida zamanin Diori Hamani. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, shi ne shugabanta, a 1973 ta zama cikakkiyar jami'a. Da fannin kimiyya aka fara. Kafin nan, duk ɗan Nijar da ya gama sakandare yana son ƙari, sai ya nufi Dakar, ko Abijan, ko Faransa.

Lokacin bai yi masa sauƙi ba. Fari ya cinye dabbobi da amfanin gona, baitulmali ba ƙarfi, malamai ƴan ƙasa ba su taka kara sun karya ba, dole a nemo na waje. Ana cikin haka sojoji suka kifar da Diori a Afrilun 1974, Seyni Kountché ya hau. Jami'ar ba ta mutu tana jaririya ba. Boubakar Ba ya riƙe ta har 1979. A ganina wannan ya fi kundin digirinsa nauyi, domin kundin ƙwararru kaɗan ne ke iya karanta shi, jami'ar kuwa ita kaɗai gwamnatin Nijar ta mallaka har zuwa 2010, lokacin da aka kafa na Maraɗi da Tawa da Damagaram.

Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa kuma masanin makamashin rana, shi ya gaji Boubakar Ba. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Boubakar Ba ya koma Abijan ya ci gaba da koyarwa da bincike, ya rasu a 2013. Daga cikin jami'o'in da aka kafa a 2014, ta Tillaberi ce ke ɗauke da sunansa.