Yadda ake zaɓar amfilifayar da ta dace da lasifika

A unguwanni irin su Tudun Murtala da ke ƙaramar hukumar Nassarawa a birnin Kano, da wuya a ga masallacin da ba shi da lasifika, kuma gabanin azumi ne kwamitocin masallatai kan sabunta kayan sautinsu saboda tafsiri da tarawihi.

Sau da yawa akan zuba kuɗi a sayi lasifika mai tsada a kasuwar Sabon Gari, sannan a haɗa ta da duk amfilifayar da ta samu. Daga nan asara ke somawa.

Ƙarami ma yana ɓarna

Akasarin jama'a na tsoron babbar amfilifaya, amma ƙarama ma tana ƙona lasifika.

Idan aka murɗa ta har ƙarshe, aka nemi abin da ya fi ƙarfinta, sai murya ta riƙa fita a kakkarye. Wannan gurɓataccen sauti shi ke zafafa ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn amo, wadda masu gyara ke kira tuwita, har wayarta ta ƙone.

Shi ya sa injiniyoyin sauti kan ba da shawarar a nemi amfilifayar da ƙarfinta ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na abin da lasifikar ke jurewa. Mai wat 200 ke nan za ta dace da amfilifaya mai wat 300 zuwa 400, muddin ba za a ƙure ta ba.

Adadin da za a duba shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa. Dubban wat ɗin nan da ake bugawa a jikin kwali da alamar PMPO kuwa, talla ce kawai. Irin wannan zuzutawa ce ta sa hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a 1974 kan yadda kamfanoni za su bayyana ƙarfin amfilifaya.

Lissafin om

Kowace lasifika na da ma'aunin turjiyarta ga lantarki, yawanci om 4 ko 8 ko 16.

Idan aka jona biyu masu om 8 a baki ɗaya, jan waya da jan waya, baƙa da baƙa, lissafin ya koma om 4. Idan huɗu ne, ya koma om 2. Amfilifayar da aka ƙera don om 4 za ta yi zafi, ta ɗauke ko ta lalace.

Wannan ne ke faruwa idan masallaci ya cika, aka yi ta ƙara lasifika a haraba ba tare da lissafi ba.

Inda lasifikoki ke da yawa kuma waya na da tsawo, mafita ita ce tsarin layin bolt 100, wanda ke cikin amfilifayoyi da dama na kamfanin Ahuja na Indiya da TOA na Japan. Kowace lasifika na da 'yar taransifomarta, sai dai a kula kada jimillar wat ɗinsu ta zarce na amfilifayar.

Yawan wat ba shi ne ƙara ba

Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma.

Lasifikar kan hasumiya mai bakin kakaki kan haura desibel 100 da wat ɗaya tak, yayin da ta falo ba ta cika wuce 85 zuwa 90 ba. Don haka ta falon, duk tsadarta, ita ta fi bukatar ƙaƙƙarfar amfilifaya.

Sai kuma batun wuta. Kayan an ƙera su ne don bolt 220 zuwa 240, kuma hawa da saukar wutar KEDCO ko ta janareta na sa sitabilaiza ta zama wajibi. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu na bukatar a bar wa amfilifaya sararin shan iska.

Wajen kunna kaya, ita ake kunnawa a ƙarshe, ita kuma ake fara kashewa.