The Twilight Zone (farfaɗowar 1985)

The Twilight Zone shirin talabijin ne na Amurka mai tattara labaran ƙirƙiren kimiyya da na al'ajabi. Kamar tatsuniya, kowane labari da nasa mutanen, idan ya ƙare shi ke nan. Rod Serling ne ya ƙirƙiro shi, tashar CBS ta nuna kashi 156 daga 1959 zuwa 1964.

Serling ya rasu a 1975. Bayan shekara goma, a watan Satumbar 1985, CBS ta farfaɗo da shirin, wannan karon mai launi. Ƙungiyar mawaƙa ta Grateful Dead ce ta sake kiɗan buɗewa. Cikin marubutan akwai George R. R. Martin, tun kafin duniya ta san shi. Wani marubucin kuwa, Harlan Ellison, ya yi fushi ya ajiye aiki da tashar ta hana ɗaukar wani labarin Kirsimeti da ya shirya.

Da masu kallo suka ragu, sai aka mayar da ɗaukar zango na uku Kanada don rage kashe kuɗi. Shirin ya tsaya a 1989. An sake dawo da shi a 2002, sannan a 2019 tare da Jordan Peele.