Tsohon Masallacin Birni: Tarihin Damagaram a Jikin Ginin Ƙasa

A farkon watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Zinder ya rushe. An gina shi a tsakiyar ƙarni na 19, ya kuwa shafe fiye da shekara 170 yana karɓar masallata. Wanda yake son sanin girman wannan rashi, sai ya waiwayi yadda garin da masallacin suka taso tare.

Asalin sarautar Damagaram daga hannun malami ya fito. Masana tarihi suna danganta kafuwarta da Malam Yunus, wanda ya zo daga ɓangaren Barno wajen shekarun 1730, ya zauna a wani ƙauye mai suna Damagaram. Zuriyarsa ta yi ta sauya mazauni, har a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da fadarsa Zinder, wadda a lokacin ƙaramin gari ce a tsakanin duwatsu. Sunan ƙauyen farko ya biyo sarautar, shi ya sa har yau Bahaushe in zai tafi Zinder yakan ce za shi Damagaram.

Masallacin ya tashi ne a zamanin da 'ya'yan Sulaiman biyu, Ibrahim da Tanimun, suke jayayya a kan gadon mahaifinsu. Tanimun ne ya yi rinjaye a 1851, ya riƙe mulki har 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera manyan bindigogi, ya faɗaɗa ƙasar ta kowace fuska, ko da yake a bisa al'ada Damagaram tana kai gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa. A waje da ganuwa kuma Zango ya cika da baƙi: Azbinawa masu ayarin gishirin Bilma, da fataken Gadamas da Tarabulus, da Kanawa masu tufafi. Ana cinikin fatu da gashin jimina, ana kuma cinikin bayi, abin da bai kamata tarihi ya ɓoye ba. Matafiyan Turai biyu, James Richardson a 1851 da Heinrich Barth a ƙarshen 1852, sun sauka a garin, sun rubuta abin da suka gani na hada-hadarsa.

A irin wannan gari, aikin masallaci ya wuce salla biyar. A nan sarki da talaka suke haɗuwa a sahu ɗaya, a nan ake jin sanarwa, a zaurukan da ke kewaye kuma malamai suke biya wa almajirai Alƙur'ani da littattafan fiƙihun Malikiyya, bisa tsarin karatun da aka gada daga Barno. Fada tana riƙe da takobi, masallaci yana riƙe da alƙalami, kowanne yana bukatar ɗan'uwansa.

Da Nasara suka zo, wannan daidaito ya girgiza. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder. A shekarar da ta biyo, 1899, sojan Faransa suka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, shi ma aka kashe shi ba da daɗewa ba. A 1906 aka tuɓe sarkin da ya gaje shi bisa zargin shirya tawaye, ba a mai da sarautar ga gidanta ba sai a 1923. Zinder ta zama hedkwatar mulkin mallaka na ƙasar Nijar daga 1911 zuwa 1926, sannan aka koma Yamai. Ganuwa ta zaizaye, ayari ya ƙaurace wa hanyar hamada, amma masallacin ya ga wucewar duk waɗannan yana tsaye.

Me ya riƙe shi? Ginin ƙasa ba ya rayuwa da ƙarfin tubali kaɗai. Magina sun san cewa ruwa ne abokin gabarsa: in indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a soro, azara ta jiƙa ta ruɓe, in ya taru a gindin bango, ya ci shi daga ƙasa. Maganin kuwa sananne ne, wato yaɓe kafin damina, da makuba, da gyaran magudana, da idon magini mai lura da tsaga tun tana ƙarama. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari sukan fito kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu a gayya. Masallacin Agadas, mai hasumiya ta mita 27, da irin wannan kulawa ya kai ga shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tare da tsohon garin a 2013. Birni da fadar Damagaram kuwa an sa su a jerin masu jiran wannan matsayi tun 2006.

Abin da ya rage a Birni ba kaɗan ba ne: fadar sarki, da gidaje masu zayyana a fuska, da guntayen ganuwa, da rubuce-rubucen hannu a gafakar gidajen malamai, da dattawan da suka san wane ne ya gina me. Duk suna fuskantar damina iri ɗaya. Malaman makaranta suna iya kai ɗalibai su auna waɗannan gine-gine, su zana su, su ɗauki hotunansu, su rubuta abin da tsofaffi suka riƙe. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna iya farfaɗo da gayyar yaɓe, su haɗa tsofaffin magina da samari masu koyo. Bangon da ya faɗi ana iya tayar da shi, matuƙar akwai hannun da ya san yadda aka ɗora shi tun farko.