Tarihin Safar Hukuma da Ƙasar Haɗeja

A zamanin da, in mutumin Haɗeja zai tafi Kano, sai ya ɗaura wa jakinsa mangala, ya yi bankwana da iyali, gama tafiyar kwanaki ce. In kuwa damina ta yi nisa, kogi ya malale fadama, sai ya jira masu fito.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sa'an nan cikin 1930 aka kai hanyarsa har Nguru. Amma ba ta ratsa birnin Haɗeja ba, ta Malam Madori ta bi. Saboda haka tilas mai gyaɗa da matafiyi su nemi abin da zai kai su tasha. Nan fa manyan motocin 'yan kasuwa suka sami abin yi. A loda buhuna, a ɗora mutane bisa, ba kuwa lokacin tashi sai mota ta cika.

Ita safar hukuma daban take. Tana da sa'ar tashi, da wurin tsayawa, da kuɗin da aka yanka, mai sarauta da talaka duk ɗaya. Mutanen Ikko sun riga mu ganinta, domin cikin 1958 majalisar garinsu ta sayi motocin kamfanin Zarpas, ta shiga jigilar jama'a da kanta.

Cikin 1986 darajar naira ta faɗi, mota da kayan gyaranta suka yi tsada, sufuri ya gagari talaka. Ganin haka, cikin 1988 Gwamnatin Tarayya ta Janar Babangida ta fito da shirin taimakon jihohi da motocin jama'a. A sa'an nan Haɗeja tana cikin Jihar Kano, don sai 1991 aka yanke Jigawa. Motocin jihohi, irin su Kano Line, suka cika hanyoyi, mutane suka ɗan sami sa'ida.

To, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Sayen safa aikin rana ɗaya ne, riƙonta aikin kullum. Tana bukatar makaniki, da taya, da kwandasta mai amana, da akawun da zai rubuta ko wane kwabo. Inda aka rasa waɗannan, sai ka ga motoci jere a gareji, an kwance wannan don a gyara waccan. Bayan haka kuma, jihohi sun fi mai da hankali ga doguwar tafiya, inda kuɗi ya fi shigowa, aka bar cikin gari.

Wannan giɓi ne 'yan acaɓa suka cike, a Kano da Haɗeja duka. Cikin 2005 Gwamnatin Kano ta kawo keken A Daidaita Sahu musamman domin mata, cikin 2013 kuma ta hana acaɓa a birni.

Ya kai mai karatu, wanda ya fi shan wuya in safa ta mutu, shi ne marar abin hawa: mace mai kai ɗanta asibiti, da ɗan makaranta, da tsoho mai zuwa kasuwa. Tun da Allah ya sa ka iya karatu, in hukuma ta kawo mota garinku, biya kuɗinka ka karɓi tikiti, ka kuma tambayi inda aka ajiye kuɗin gyara. Da harajinka aka saye ta.