Gansakukar Teku da Ta Daɗe Tana Sauya Dangi

Wanda ya san gansakuka a bakin rijiya ko gefen kududdufi zai ɗauka ya gama saninta. Amma a cikin teku akwai wata irinta da ido ba ya gani, kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak, tana yawo a ruwa tana haɗa abincinta da hasken rana. Masana sun shafe fiye da shekara hamsin suna jayayya kan danginta.

A 1952 wani masani a Ingila mai suna Butcher ya bayyana wata 'yar mitsitsiyar halitta mai siririyar wutsiya ɗaya da take iyo da ita. Tsawonta bai wuce maikuromita 2 ba, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Da madubin ƙara girma na wancan zamani, abin da ake iya gani ɗigo ne mai motsi. Butcher ya sa ta cikin dangin gansakuka masu ruwan zinare, ya kira ta Chromulina pusilla.

Mata biyu ne suka warware wannan. Irene Manton, farfesa a Jami'ar Leeds, tana cikin na farko da suka duba irin waɗannan halittu da madubi mai aiki da lantarki. Mary Parke kuma tana kiwon su a kwalabe a cibiyar binciken teku ta Plymouth. Abin da ya fara kai ta ga wannan fage shi ne neman abincin da za a ciyar da 'ya'yan kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da Turawa ke ci. A 1960 su biyun suka nuna cewa halittar Butcher koriya ce, daga dangin da tsirran ƙasa suka fito, suka sake mata suna Micromonas pusilla.

Daga nan aka buɗe wa ire-irenta babban rukuni, Prasinophyceae, daga kalmar Girkanci mai nufin koren ganyen wata irin albasa. A ganina rukunin ya fi kama da kwandon tarkace. Duk wata ƙaramar koriyar halitta mai sassauƙan jiki, musamman mai 'yan ɓawo-ɓawo a bayanta, sai a jefa ta ciki.

Sai 1994, a tafkin Thau da ke kudancin Faransa, kusa da garin Sète, inda ake kiwon kawa. Masana suka yi amfani da wata na'ura mai tura ruwa ta siririn bututu, hasken leza yana haska kowace ƙwaya yayin da take wucewa. Suka ga tarin wasu halittu da ba a taɓa lura da su ba. Aka raɗa musu suna Ostreococcus tauri, sunan da ya haɗa kawa da tafkin. Faɗinta bai kai maikuromita ɗaya ba, wato daidai da wasu bakteriya, kuma ana lissafa ta a matsayin mafi ƙanƙanta cikin halittu masu cibiyar ƙwaya da ke rayuwa da kansu. Ba ta da wutsiya. A cikinta akwai ɗakin haɗa abinci ɗaya, ɗakin samar da ƙarfi ɗaya, an cusa su kamar kayan amarya a ɗaki ɗaya. A 2006 aka karanta dukkan ƙwayoyin gadonta, aka same su jere a kan kuromosom 20.

Karatun ƙwayoyin gado shi ya fasa kwandon. Ya nuna cewa 'yan Prasinophyceae ba zuriyar kaka ɗaya ba ce keɓantacciya, rassa ne da yawa da suka rabu tun farkon tarihin korayen tsirrai, kama ce kawai ta haɗa su. A 2010 Marin da Melkonian suka ware Micromonas da Ostreococcus da Bathycoccus cikin sabon aji, Mamiellophyceae. Tsohon sunan bai mutu ba, har yau ana rubuta shi a littattafai don sauƙin magana, amma masu rarraba halittu sun daina ɗaukar sa dangi na jini.