Cecil Thomas (1885–1976)

Cecil Thomas masassaƙin mutum-mutumi ne kuma mai zanen tsabar kuɗi, ɗan ƙasar Ingila. A Landan aka haife shi, ya koyi sassaƙar hatimi a wurin mahaifinsa, sannan ya yi karatu a makarantar zane ta Slade. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka ji masa rauni. Bayan yaƙin ya yi suna wajen sassaƙa siffofin da ake ɗorawa a kan kaburburan manya, irin na Akbishop Randall Davidson a babbar majami'ar Canterbury. Ya rasu a 1976, gidansa mai suna Dora House ya koma hannun ƙungiyar masassaƙa ta Birtaniya.

Aikin da ya haɗa shi da ƙasar Hausa shi ne zanen kan Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A 1952 Ingila ta zaɓi zanen Mary Gillick, wanda babu kambi a kansa, domin kuɗinta da na ƙasashe masu cin gashin kansu kamar Kanada da Ostireliya. Na Thomas mai kambi kuwa, ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka aka ware wa. Wannan rabo na siyasa ne: an ga ya dace talakan da ake mulka ya riƙa ganin alamar sarauta duk sa'ad da ya karɓi canji. Da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗinsa a 1959, zanen Thomas ne a kan taro, sisi, sule da fataka, bayansu kuma auduga, koko, ganyen kwakwar manja da gyaɗa. Kwabo da ɗari masu huda a tsakiya ba su ɗauke da fuskar kowa. Da waɗannan tsabobi aka biya leburorin haƙar kuza a Riruwai, da su manoman Kiru, Bebeji da Tudun Wada suka biya haraji.

Wani zai ce mene ne namu da Baturen da ya yi wa masu mulkin mallaka aiki, musamman ganin malamai ba sa ƙaunar sassaƙa siffar mai rai. Ƙorafin yana da tushe, amma tarihi ya fi kula da abin da ya shiga hannun jama'a. A ƙasar da ba a kafa gumaka a dandali, da wuya a sami siffar mutum da ta shiga gidaje, kasuwanni da lefen aure kamar wannan. Wani kuma zai ce mai sana'a umarni kawai ya bi. Haka ne, sai dai ƙwarewarsa ce ta sa fuskar ta fito sarai a ɗan ƙaramin ƙarfe, saƙon ya isa.

Zanen ya zarce mulkin da ya haife shi. An sami 'yancin kai a 1960, ƙasa ta zama jamhuriya a 1963, amma kambin ya ci gaba da yawo a aljihu har 1973, lokacin da naira da kobo suka zo ɗauke da tambarin Nijeriya.